Gonar Gado da Takardar Gini

A wani ƙauye da ke arewacin Kano akwai wani malamin firamare da ya yi ritaya bayan ya sha ƙurar alli shekaru masu yawa. Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya ƙuduri aniyar yanka gonar da mahaifinsa ya bari a bakin gari, ya gina wa 'ya'yansa maza uku gidaje, domin gidan gado ya cika ya batse. A ganinsa aikin bai wuce sayen siminti da kiran magina ba. Gona ce ta kaka da kakanni, kowa kuwa ya san iyakarta, daga kukar gabas zuwa layin gamba.

Bisa al'ada, sai ya fara da gidan dagaci. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman izinin kafa gidaje a gonarmu." Dagaci ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Malam, ni yanzu shaida ne kawai, izini yana ƙaramar hukuma. Amma kafin ka je can, ina ƙannenka mata biyu? An raba gonar nan ne ban sani ba?"

Ba a raba ba. Shekara da shekaru malamin yana noma ta, yana aika wa matan da damin gero da kaka, har ya mance cewa dami ba shi ne rabo ba. Tunda iyayensu duka sun rasu, kuma su uku ne magada, kason namiji kuwa ninkin na mace ne, rabin gonar kaɗai ya zama nasa. Ƙaramarsu ta ce ta bar masa. Babbar kuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta ce, "Yaya, muddin gero ake shukawa ban taɓa magana ba. Amma idan bulo za a shuka, nawa 'ya'yan ma suna bukatar inda za su sa haƙarƙarinsu." Malamin ya yi kwana biyu yana fushi, ko da yake a zuciyarsa ya san gaskiya ta faɗa. Daga bisani ya roƙi ƙaramar ita ma ta riƙe nata, aka kira liman da dattawa aka raba.

A sakatariyar ƙaramar hukuma ne ya gane cewa kalmar "tawa" da ya saba faɗa game da gonar tana da wata ma'ana dabam a bakin doka. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filayen birni gwamna ke bayar da takardarsu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma, kuma abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, ba mallaka ta har abada ba. Hasali ma wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokokin 1910 da 1962 sun riga sun share masa fage. Abin da ya fi ɗaure wa malamin kai shi ne sashe na 36, wanda ya bar wa manomi gonarsa ya ci gaba da noma, amma ya hana shi yanka ta fuloti-fuloti. Dole sai ya rubuta takardar neman a ba shi filin domin gina gidajen zama, da sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi.

Abokai sun yi masa dariya. Wa ke neman takarda a ƙauye? A yi awon igiya kawai, kamar yadda ake yi ko'ina. To, amma shi ya ga unguwannin awon igiya a gefen birni, inda lungu ba ya ɗaukar amalanke, balle motar ɗaukar mai naƙuda, kuma ruwan damina ba shi da hanyar fita sai ta cikin ɗakunan mutane. Ya kuma san cewa gari yana tafiya, ranar da aka ayyana yankin a matsayin birni, mai takarda shi ne mai bakin magana.

Da safiyo ya zo awo, sai wata matsalar ta ɓullo. Gefen yamma na gonar ya ci wani yanki na burtali, wanda mahaifinsu ya riƙa gutsira kaɗan-kaɗan da garma tun ba a haifi jikokinsa ba. Arɗo ya zo ya nuna inda shanu ke bi a da, dattawa suka gaskata shi. Aka mayar da burtali, aka fitar da hanyar mota da magudanar ruwa. Abin da ya rage wa malamin fuloti biyu ne masu ƙafa 50 da 100, da ɗan guntun da bai isa komai ba sai dashen zogale.

Takarda ta fito bayan damina biyu, a lokacin kuwa siminti ya yi tsada, kuɗin sallama sun ja baya. Ya gina ɗaya har rufin kwano, ɗayan ya tsaya a lintal. Autansa yana nan a tsohon gida da amaryarsa. Fulotin da ke bakin sabuwar hanya na babbar ƙanwarsa ne, ita ma ta fara tara bulo, kuma malamin ne ke ƙirga mata su duk ranar da mota ta sauke.