Bashin Da Dutse Yake Bi Na

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, ni nawa gemun ya riga ya ƙone tuntuni, shi ya sa na ga ya dace in ba 'yan'uwana marubuta labarin yadda aka yi, ko Allah Ya sa wani ya tsira da nasa.

Ni mutumin ƙasar Tafoki ne, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina. Duk wanda ya san yankin nan namu na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ya san ba shimfiɗaɗɗen rairayi ba ne irin na arewacin jihar. Ƙasa ce ta tudu da kwari, da duwatsu jefi-jefi, mai karɓar masara da dawa da auduga. Gonarmu ta gado tana gindin wani dutse ne, kuma tun ina yaro na tashi na tarar da manyan itatuwa a saman gonar, daidai inda gangara ta fara: kirya uku, da marke biyu, da wata tsohuwar ɗorawa wadda Inna take samun kalwar daddawarta a jikinta kowace shekara. Ko a farin 1984, lokacin da rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara, Baba bai taɓa sa wa ɗayansu gatari ba. Iyaka dai ya sassaro reshe ya ba awaki.

Baba ya rasu, gona ta dawo hannuna. A 1996 na gama rubuta littafina na farko, ga shi kuwa a lokacin babu abin da matashi mai alƙalami yake buri kamar ya ga sunansa a bangon littafi a kasuwar Kano. Mai ɗab'i ya yanke mini kuɗi, na duba aljihu babu ko rabinsu. Ana cikin haka sai wani mai sana'ar gawayi ya yi mini tayi a kan itatuwan nan, musamman kiryoyin, domin gawayin kirya shi maƙera suka fi so. Da na je wa Inna da maganar sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, mahaifinka ya ga yunwa bai sare su ba. Kai me ka gani?" Na ce mata littafi zai dawo da kuɗin ninki biyu. Ta ce, "Allah Ya sa." Ba ta ƙara cewa komai ba.

Cikin mako guda aka kwantar da su duka, har da ɗorawar, aka binne, aka cinna wuta. Littafi ya fito. Kaɗan aka saya, kaɗan na rabar kyauta, sauran kuwa gara ta karance su a ƙarƙashin gado. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Damina ta farko sai na ga wani ɗan siririn layi ya ratsa gonar daga gindin dutse. Ta biyu ya kai gwiwa. Kafin shekara biyar ya zama kwazazzabo wanda jaki ba ya iya tsallakawa, ya raba gonar Baba gida biyu, ya kwashe baƙar ƙasar da ke sama ya bar mini tsakuwa. Ashe saiwoyin nan ne suke riƙe da ƙasar, rassan kuma suke karya ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga kan dutse.

A 2005, shekarar da aka yi ƙarancin abinci a Nijar, wani dattijo ɗan cirani daga ƙasar Maraɗi ya zo yana taya ni sharar gona. Na ɗauki adda zan share tohon da ke fitowa a jikin kututturan nan, kamar yadda nake yi duk shekara, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Haba maigida, wannan ai itace ne da ransa. Kansa kawai aka yanke, gindinsa yana nan ƙasa yana jiran ka." Ya tsuguna ya zaɓi rassa uku masu ƙarfi a kowane kututture, ya cire sauran, ya ɗaura ƙyalle a jiki don yara da makiyaya su san da mai shi. Ya ce a wajensu sunan wannan aiki sassaben zamani.

Daga baya na bi diddigin maganar, na tarar dattijon bai faɗi ko rabi ba. A 1983 ne wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki a Maraɗi, ya lura cewa yawancin abin da ake dasawa mutuwa yake yi, alhali kuwa gonaki cike suke da kututturai masu rai. Manoma suka karɓi dabarar, maƙwabci yana koya wa maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Da yawansu gawo ne, wanda kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa shuka rana, sannan ya taki ƙasa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso irinta, wani manomi wanda ya mai da faƙo daji ta hanyar haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki da jera duwatsu a gicciyen gangara.

Wannan jeren duwatsun shi ne abu na biyu da na gwada, tunda mu dai ba mu rasa dutse ba. Muka yi gayya, muka jera su layi-layi a gicciye, muka dasa gamba a bayansu, muka datse bakin kwazazzabon da duwatsu da ƙirare. Ruwa in ya zo sai ya tsaya ya huta, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya nutse. Bayan shekara bakwai marken nan sun fi ni tsawo, kirya biyu sun tashi, ramin ya cike zuwa ƙugu. Ɗorawar ce dai ba ta dawo ba, Inna kuma ta rasu tana sayen kalwa a kasuwa.

To, mai karatu zai ce mene ne haɗin wannan labari da sauyin yanayi da ake ta faɗa a rediyo? Haɗin kuwa babba ne. Kusan rabin nauyin busasshen itace wani sinadari ne da ake kira kabon, wanda itacen ya zuƙo daga iska yana girma. Ranar da aka ƙone shi sai ya koma sama, ya haɗu da hayaƙin fetur da gas da kwal, su taru su riƙe zafin rana kamar bargo. Abin da masana suke nufi da gari ko ƙasa ta daidaita hayaƙinta shi ne, abin da take fitarwa da abin da itatuwanta da ƙasarta suke shanyewa su yi kunnen doki. A taron Gilasgo na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta kai ga haka a 2060, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Akwai ma wata ƙaramar ƙasa ta kan duwatsu mai suna Butan, tsakanin Indiya da Sin, wadda tsarin mulkinta ya wajabta kashi 60 cikin 100 na ƙasar ya zauna daji har abada, dazuzzukanta kuma suna shanye fiye da abin da mutanenta suke fitarwa.

Gaskiya ɗaya ce, ba mu ne muka ɓata sararin sama ba. Duk nahiyar Afirka hayaƙinta bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Amma wanda ya zauna ƙarƙashin rufin da ke yoyo ba ya jiran a gano wanda ya huda shi kafin ya tara ƙwarya. Bugu da ƙari, mu mutanen tudu akwai amana a wuyanmu. Kogin Sakkwato daga tuddan nan na wajen Funtuwa ya faro, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya wuce har ya faɗa Kwara. In mun bar ruwa ya nutse a wajenmu, rijiyoyinmu su kai rani, na ƙasa da mu su sami ƙorama mai tafiya a hankali. In mun aske tuddai kuwa, mu tura musu ambaliya da yashi, mu kuma mu zauna da ƙishirwa.

A ganina ƙaramar hukuma ita ta fi kowa dacewa da wannan aiki, domin ita ce ta san dagaci da mai unguwa da arɗo, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Abu na farko shi ne a tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne. A Nijar ma sai da manoma suka sakankance da haka sannan aikin ya bunƙasa, don babu mai renon abin da za a ci shi tara a kansa gobe. Na biyu, a keɓe kawunan duwatsu da bakin ƙoramu, a ce nan ba a sara, ba a cinna wuta, a kuma zauna da makiyaya a fitar da burtali, domin toho ba ya tashi inda ba a yi sulhu da mai shanu ba.

Na uku shi ne murhu. Murhunmu na duwatsu uku yawancin zafinsa iska yake bi, ga hayaƙi yana cin idon mata da ƙirjin yara. Murhun laka mai tsimin itace, wanda mata masu ginin tukwane za su iya yi a gida, yana rage itacen girki ƙwarai. Gawayi kuwa ya fi komai ɓarna, don ramin gargajiya yana cinye aƙalla kilo 5 na itace kafin ya ba da kilo 1. Amma kada a ce za a kori mai gawayi da sanda ba a ba shi wata sana'a ba. Ni shaida ne cewa buƙata ce take sa gatari a hannun mutum. Na huɗu, hasken rana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu noman rani da dama suka koma ban-ruwa da sola, ba don wa'azin kowa ba, sai don lissafi. Abin da ya yi wa fadama zai yi wa asibitin ƙauye da rijiyar burtsatse da makaranta.

Ba a rasa inda za a jingina ba. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don gyaran ƙasa a jihohin Arewa. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta sa dajin Kogo na yankinmu cikin sababbin gandayen ƙasa 10.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye ba. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu sun sa daji ya zama abin tsoro, har na ji wani ɗan'uwana yana cewa da ma a ƙone shi duka a huta. Ban ga laifinsa ba, don an taɓa ɗauke masa ɗa. Ni kaina akwai damina uku a jere da ban taka gonar Baba ba. Amma na ce masa, "Yaya, itace bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Ƙarancin ciyawa da ruwa yana cikin abin da ya fara haɗa manomi da makiyayi, in muka ƙone sauran me za mu raba?" Bai ba ni amsa ba, ni ma ban ce na fi shi gaskiya duka ba. Abin da na sani shi ne, ba a renon itace sai da zaman lafiya, zaman lafiyar kuma ba ta daɗewa a ƙasar da ta tsiyace.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana marubuta, mu duba littattafanmu. Sau nawa muka kai jarumi ƙarƙashin inuwa ya yi zance, ba mu ko faɗi sunan itacen ba? Yaranmu na birni da yawa ba za su bambance kanya da ɗinya ba, abin da ba ka san sunansa ba kuwa ba ka jin zafin rashinsa. Takardar da muke rubutu a kai ma daga itace aka yi ta, don haka kowannenmu da ɗan bashinsa. Nawa dai na san adadinsa: itatuwa shida na sayar, huɗu sun dawo. Na sa kalwa a leda a bayan ɗaki, biyu sun tsiro, ina jiran ruwa ya zauna in kai su gindin dutse. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa jikokina su ci garin ɗorawar.