Ina filin tserenmu?

Kun tuna 1997, shekarar tseren Dakar-Agadas-Dakar? Muna 'yan lakwal a Ƙwanni, a rediyo muka ji motocin sun ratsa Tawa. Mu ko sai muka ƙera namu da kara da gwangwani, muna tsere a bayan gari, wurin da yau duk gidaje ne.

Tseren Dakar ya bar Afirka tun 2009, yanzu Saudiyya ake yin shi. Amma son gudu bai bar samarinmu ba. Ga su nan da moto bisa gudron Malbaza, tsakanin kamyon siminti, ba hular kwano. Wallahi mun gaji da karanta sanarwar rasuwa. Magadan gari, don Allah a ware musu fili.