Ladabin Tafiyar Ƙasa Tsakanin Tambuwal Da Kebbe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa bayanin tafiyar ƙasa tsakanin Tambuwal, garin Buhari ɗan Shehu Usmanu, da Kebbe, can wajen gulbin Zamfara.

Na sha bin ƙasar nan da kaka. Wanda ya sauka daga hanyar mota ba shi da abin bi sai 'yar turba mai ratsa gonakin gero da dawa, ko kuwa burtali, watau hanyar shanu. Kowa yana da ikon bin su, amma gonar da ke gefe tana da mai ita. Saboda haka kada matafiyi ya yi yanke ta cikin shuka, kada ya karya zangarniya, kada ya jefar da wuta kusa da dammuna.

In ka gamu da garke, ka raɓe gefe, ka yi wa makiyayi sallama, shi zai tsawata wa karnukansa. Kada ka kuskura ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Ka sa takalmi, gama kububuwa takan kwanta ƙarƙashin karan da aka sare. In ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a gaggauta kai shi asibiti. Kuma tun da 'yan fashin daji suka addabi ƙauyukan wajen Kebbe a shekarun nan, a tambayi mai gari labarin hanya, a tafi cikin ayari, a sauka kafin magariba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda burtali ke tsukewa. Kowace damina wani ya ƙara kunya ɗaya, har shanu su rasa wurin wucewa, su faɗa gona, faɗa ya tashi, matafiyi ma ya rasa inda zai sa ƙafa. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Ina roƙon hakimai da dagatai su riƙa zaga burtalai kafin shuka, su sa alamar iyaka. Hanya amana ce, ta manomi da makiyayi da baƙo.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Tambuwal.