Hoton Kirki Sai An Kashe Babur

Mu biyar ne, kuma sakandare ɗaya muka gama. Yau kowa da sana'arsa: tela, mai gyaran waya, malamin firamare da 'yan kasuwa biyu. Babur ne ya sake haɗa mu. Duk Lahadi bayan sallar asuba mukan sha mai, mu ɗaura hular kwano, mu fita daga Kano. Wata rana mu tsaya a Kura ko Kadawa, wata rana mu zarce har madatsar ruwa ta Tiga.

Da farko hoton kanmu kawai muke ɗauka, kowa ya jingina da babur ɗinsa yana ƙwalisa. Tambayar ƙanin telanmu ce ta canza mu. Ya ce, "Yaya, wai da gaske ne da can 'yan acaba sun cika titunan Kano?" Yaron bai yi wayo ba lokacin da gwamnati ta hana acaba a birnin, a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu kawai ya sani. Muka bincike wayoyinmu da tsofaffin hotunan gida, ba mu sami ko guda da za mu nuna masa ba. Alhali biyu daga cikinmu da kuɗin acaba iyayensu suka biya musu makaranta. Abin da muke gani kullum ya wuce, ba mu ajiye komai ba.

Tun daga ranar muka juya kyamarar waya daga fuskokinmu zuwa abin da ke bakin hanya: masu dashen shinkafa a Kura, tumatir da aka shanya a ƙasa ya yi jawur, masunta a Tiga suna gyaran koma.

Darasin farko da jini muka saye shi. Malaminmu ya hango garken shanu suna ƙetare hanya cikin ƙura, ya zaro waya da hannun hagu babur yana tafiya. Tayar gaba ta faɗa yashi. Ya ƙuje gwiwa da kafaɗa, gilashin wayar ya tarwatse, ya yi mako biyu bai shiga aji ba. Ba don hular kwano ba, da labarin ya sha bamban. Da aka gyara wayar muka duba hoton, sai wani dishi-dishi da ba a gane saniya ba a gane bishiya. Ka ga an yi ba wan ba ƙanen. Muka kafa doka: duk mai son hoto ya sauka daga kwalta, ya kashe inji, ya kafe babur. Ko a tsaye babur yake, girgizar inji tana ɓata hoto.

Darasi na biyu wata dattijuwa mai tallar fura da nono ce ta koya mana. Mun ɗauke ta ba tare da ko sallama ba, don ƙoren nata sun yi kyau a hasken safiya. Ta ce, "'Ya'yan nan, ni dutse ce ko bishiya?" Kunya ta rufe mu. Muka ce, "Inna, ki yi haƙuri," muka goge hoton a gabanta. Yanzu sai mun gaisa, mun faɗi abin da za mu yi da hoton, mun nuna wa mai shi. Wanda ya ce a'a, mu yi godiya mu wuce.

Sauran a hankali muka gano su. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya sun fi na tsakar rana, domin rana tsaka takan zuba inuwa a cikin idon mutum. Ka bar rana a bayanka ko a gefenka. Ka goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Ka matsa kusa da ƙafarka maimakon jawo hoton da yatsa, don jawowa tana rage masa kyau. In yaro za ka ɗauka, ka durƙusa daidai tsawonsa.

Kada ku raina irin waɗannan hotuna. A Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé ya shafe shekaru yana ɗaukar samari da 'yan mata a wuraren biki da cikin shagonsa, wasu a kan baburansu. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya. Ya rasu a 2016, amma har gobe ana kallon hotunansa don sanin yadda matasan Bamako suka rayu.

Ƙannenmu, ba muna cewa ku ɗauki babur ɗin gida ba. Sai kun cika shekara 18 kun sami lasisi. Ƙafa da keke sun isa, haka ma wayar da Baba ko Yaya ya ba ku aro. Ku fara da mai shayin unguwarku, da ƙofar makarantarku, da kakarku tana kaɗi, bayan kun nemi izini. Ku rubuta rana da wuri, ku wanke 'yan kaɗan a takarda, don waya takan ɓata ko ta lalace. Wata rana wani yaro zai tambaye ku yadda garinku yake a da. Allah ya sa ku sami abin nuna masa.