Kumasi: Garin Goro Da Sharuɗɗan Ciniki Ga Baƙo

Birnin Kumasi, hedkwatar ƙasar Ashanti, yana tsakiyar kurmin ƙasar Gana, kimanin kilomita 250 arewa maso yamma da Akara. Gari ne na tuddai da kwaruruka, mai yawan itatuwa da ruwan sama. Mutanen ƙasar su ne waɗanda Hausawa suke kira Tonawa, harshensu kuwa Tonanci. Sarkinsu, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau gado a shekarar 1999, yana zaune a fadar Manhiya. Amma abin da ya fi jan baƙo zuwa Kumasi shi ne kasuwar Kejetiya, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Dubban rumfuna ne jere, ga atamfa, ga busasshen kifi, ga doya da ayaba, ga albasar da manyan motoci suke kawowa tun daga ƙasar Nijar.

Bahaushen da ya sauka a nan ba zai daɗe yana jin baƙunci ba. A unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango, Hausa ake yi a masallaci da bakin hanya, kuma akwai Sarkin Zango da fadawansa. Da safe ana sayar da koko da ƙosai, abincin da duk Gana take alfahari da shi kuwa, watau shinkafa da wake, sunansa ma daga Hausa aka samo shi. Wannan sabo shi ne yakan rudi falke, har ya ɗauka yana gida, alhali kuwa yana ƙarƙashin wata tuta da wata doka.

Tun zamanin da, goro ne ya haɗa Hausa da wannan ƙasa. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya yi watanni kafin ya isa Salaga ta ƙasar Gwanja, inda Tonawa suke kawo goro. A wancan lokaci ba a barin fatake su wuce su shiga kurmi yadda suka ga dama, sai su tsaya a kasuwannin da aka iyakance musu. Kowane sarki da aka bi ta ƙasarsa sai madugu ya kai gaisuwa, kowane kogi sai an biya kuɗin fito. Ashe ke nan tun fil azal ciniki a ƙasar wani da sharaɗi yake. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa suka bazu, da yawa kuma suka gangaro kudu suka kafa zango a Kumasi. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar goro daga wannan ƙasa ta jirgin ruwa zuwa Ikko.

Dattawan zango ba su manta da ran 18 ga watan Nuwamba na 1969 ba. A ranar ce gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemi ta cikin mako biyu, ko kuwa ya bar ƙasar. Dubun dubatan mutane suka kama hanya, cikinsu har da waɗanda a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Mafi yawansu ba su yi laifin kome ba, illa dai sun shekara da shekaru suna zaune bisa mutunci da sanayya, ba su riƙe takarda ba. A 1983 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙi marasa izini daga Nijeriya, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida.

Yau mai fita daga Ikko ta mota zai ƙetare iyaka uku, ta Seme, da ta tsakanin Binin da Togo, da ta Aflawo, kafin ya shiga Gana. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ba tare da biza ba, muddin yana da fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ƙungiyar, da katin allurar shawara, ya zauna har kwana 90. To, a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Izinin shiga daban, izinin zama daban, izinin buɗe kanti kuma daban. Wanda zai wuce wa'adin da aka buga masa a fasfo, tilas ya je ofishin shige da fice ya nemi izinin zama, ya kuma yanki katin shaida na baƙi, domin da shi ake buɗe asusu a banki.

Sai kuma babbar magana, watau dokar zuba jari ta 2013, mai lamba 865, wadda aka ɗora wa cibiyar GIPC alhakin kula da ita. Dokar ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i: sayar da kaya cikin kasuwa ko a rumfa, da talla, da aski da gyaran gashi, da sayar da magunguna ɗai-ɗai, da yin ruwan leda, da harkar tasi idan motocin ba su kai 25 ba. Ta kuma yanka wa baƙo jari. Wanda zai yi tarayya da ɗan ƙasa ya kawo dalar Amurka 200,000, abokin tarayyar kuma ya mallaki aƙalla kashi 10 cikin 100. Wanda zai mallaki kamfani shi kaɗai ya kawo dala 500,000. Wanda kuwa sana'arsa saye da sayarwa ce, ya kawo dala miliyan ɗaya, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki ƙwararrun 'yan Gana 20 aiki. An ɗauke wannan sharaɗi na jari ga masu kafa masana'anta da masu fitar da kayan Gana zuwa waje. Jarin kuwa ba a aljihu ake shigo da shi ba, sai ta banki ko ta hannun kwastan, don a sami shaida a rubuce.

A kan wannan doka ce aka yi ta rufe kantunan 'yan Nijeriya a 2019 da 2020, a Akara da kuma Suwame Magazin ta Kumasi, matattarar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota. Ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, GUTA, ta tsaya a kan cewa doka ta hana baƙo cinikin ɗai-ɗai. 'Yan Nijeriya suka ce yarjejeniyar ECOWAS ta ba su damar kafa sana'a. Mutanen Gana kuma suka tuna musu cewa Nijeriya ita ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya je Akara a Satumba na 2020 neman sulhu. A 2025 Shugaba John Mahama ya bayyana niyyar gwamnatinsa ta gyara dokar don a sassauta sharaɗin jari. Saboda haka wajibi ne mai niyya ya nemi bayanin GIPC da shawarar lauya kafin ya ɗaure kaya.

Wanda ya cika sharaɗi, aikinsa na gaba shi ne rajistar kamfani bisa dokar kamfanoni ta 2019. Ana bukatar darektoci biyu aƙalla, ɗaya daga cikinsu mazaunin Gana, da sakatare, da mai binciken lissafi. Sa'an nan ya yi rajista da hukumar haraji, ya karɓi lasin daga hukumar birnin Kumasi, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Mai shigo da abinci ko magani ko man shafawa sai ya sami amincewar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, domin lambar NAFDAC ba ta wadatar ba a can.

Batun ƙasa da gida shi ma yana da nasa ƙa'idoji. Tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar fili har abada, sai dai haya wadda ba ta wuce shekara 50 ba a lokaci guda. A Ashanti yawancin filaye a hannun sarakuna suke, don haka mai saye ya bincika a fada da kuma hukumar filaye, kada ya biya kuɗin filin da aka riga aka sayar wa wani. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma masu gidaje sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu.

Cikin kasuwa kuwa akwai dokokin da ba a rubuta ba. Kowane irin kaya, doya ko tumatir ko kifi, yana da sarauniyarsa, mace wadda take sasanta rigima da tsara yadda za a sauke kaya. A zango har yanzu ana bin tsohon tsari na maigida da dillali: maigida ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi, dillali ya karɓi la'adarsa. Da sidi ake ciniki, kuma doka ba ta yarda a yanka farashi da dala ba sai da izinin Babban Bankin Gana. Ya kamata baƙo ya lura da lissafi, gama tun da aka canja kuɗi a 2007, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, har yanzu wasu suna ƙirga da tsohon kuɗi. Idan tsohuwa ta ce miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, gaskiya ne kuwa, amma akwai iyaka. Wasu sukan yi rajistar kanti da sunan aboki ɗan ƙasa don su kauce wa sharaɗin jari. Ranar da aka ɓata, ko mai sunan ya rasu magada suka taso, alƙali takarda zai duba, ba zai tambayi wanda ya zuba kuɗi ba. Hanyar da ta fi aminci ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce wadda fataken Gwanja suka bi: ya zo ya sayi goronsa ta hannun amintaccen maigida, ya biya abin da hukuma ta yanka, ya riƙe rasit, ya koma gida kafin kwanakinsa su cika.