Wa Ya San Kansilansa?

A Jihar Kano akwai ƙananan hukumomi 44, a cikinsu kuwa akwai mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta guda. Watau mutum 484 ke nan da aka ce jama'a suka zaɓa domin su tsaya musu a kan al'amuran da suka fi kusa da ƙofar gida. Mai karatu, ko ka san sunan naka? Na sha yi wa mutane wannan tambaya, a birni da ƙauye, amsar kuwa ba iri ɗaya ba ce.

Ni mutumin ƙauye ne daga kudancin Kano, amma aikin koyarwa ya sa na yi shekaru ina shiga birni ta Ƙofar Mata da safe, in fita da la'asar. A cikin ganuwa, in ka tambayi yaro gidan mai unguwa, zai kama hannunka ya kai ka har zaure. In yaro ya ɓata, can za a kai cigiya. In maƙwabta sun yi gardama a kan katanga ko indararo, can za a zauna. Daga mai unguwa magana ta hau sama, ta bi ta wakili da hakimi har ta kai fada. Wannan hanya tsohuwa ce, ƙafafun mutane sun saba da ita kamar yadda suka saba da lungunan Jakara da Yakasai. Amma ka ce a nuna maka gidan kansila, sai a dubi juna. Wani tsoho mai sayar da linzami da sirdi a Kasuwar Kurmi ya taɓa ce mini, "Malam, ai kansila ɗan lokaci ne. Kafin ka riƙe sunansa an sake wani."

Ba haka waɗanda suka yi fama domin a sami wannan kujera suka nufa ba.

Mahaifina ya yi zamani da En'e, ya kuwa ba mu labarinta da yawa. Ba ya musun cewa tana aiki. En'e ta Kano tana da baitulmalinta, da 'yan dokanta, da gidan yarinta, da kotunan alƙalai, da makarantu, da asibitin birni wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala. Duba-gari yakan shiga gida ya leƙa randa. Amma talaka ba shi da baki a ciki. Ana yanka masa haraji, ana ƙirga shanun makiyayi a karɓi jangali, wanda ya kasa biya kuwa ya san abin da zai same shi a ƙofar dagaci. Baba yakan ce akwai shekarar da suka sayar da gero tun yana gona saboda haraji. Wannan ƙunci ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano cikin watan Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta. Babban kukansu shi ne a bar talaka ya zaɓi masu yi masa hukunci a kan kuɗinsa da garinsa. Mutane sun sha ɗauri da bulala a kan wannan magana. Mata kuwa a Arewa ba su da ƙuri'a sam a zamanin Jamhuriya ta Farko, ko da yake irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha wuya suna nema musu.

Bayan da aka kafa Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka fara rage wa En'e ƙarfi. 'Yan doka da gidajen yari da kotuna suka fita daga hannunta. Sa'an nan babban gyara ya zo a 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala Muhammed, ɗan birnin nan. Gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, aka ce kowace ta ƙunshi mutum tsakanin 150,000 da 800,000, ta kuma sami majalisa wadda yawancin membobinta zaɓaɓɓu ne. A ƙarshen wannan shekara aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba. Kada mai karatu ya raina waɗannan kansiloli na farko, gama su ne a 1977 suka zaɓi yawancin wakilan da suka zauna suka duba tsarin mulkin da aka yi aiki da shi daga 1979. Ina saurayi a lokacin, ina kuwa tunawa da yadda manya suke faɗin kalmar nan "kansila" da girmamawa, kamar suna faɗin alƙali.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. An yi murna ƙwarai a ƙauyenmu, har mata suka yi guɗa, ni ma ba zan so a komo da wannan kaya ba. Amma akwai wani abu da na lura da shi daga baya. Tun da kuɗin ƙaramar hukuma ya zama daga sama yake gangarowa, daga arzikin man fetur, sai fuskarta ta juya sama. Wanda yake ba ka abinci shi kake duban fuskarsa. Jama'a kuma, tun da ba daga aljihunsu aka cira kai tsaye ba, sai suka daina tambaya ina kuɗin ya shiga. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya rabon ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ne.

To, mene ne aikin kansila? Tsarin mulki na 1999 ya ce a sashe na 7 dole ƙaramar hukuma ta kasance a hannun zaɓaɓɓu, ya kuma lissafta ayyukanta. Kasuwa da tashar mota da mayanka da maƙabarta nata ne. Ita ke da kwashe shara, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da sa wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana da hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani da aikin gona. Kansiloli su ne majalisar. Su za su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, su yarda ko su ƙi, su yi ƙananan dokoki, su kuma bi sawu su ga ko an yi abin da aka ce. Duba fa, babu ko ɗaya cikin waɗannan da bai taɓa uwar gida ba. Ruwan da za ta ɗebo, da allurar rigakafin jaririnta, da bencin da ɗanta zai zauna a aji, da rumfar da za ta kasa daddawa ran kasuwa, duk suna cikin takardun da ake ajiyewa a gaban kansila.

A nan ne birni da ƙauye suka rabu. Cikin ganuwa ƙananan hukumomi uku ne suka raba unguwanni, Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale. Mutumin Shahuci ko Ƙofar Mazugal in kansila bai yi masa ba, yana da ƙofofi da yawa. Gidan gwamnati yana kusa, gidajen rediyo suna kusa, a lungunsu ma ba a rasa wani attajiri ko babban ma'aikaci da zai ɗaga waya a zo a yashe kwata. Ba na cewa birni ba shi da damuwa. Duk wanda ya bi ta Jakara da damina, ya ga yadda leda take toshe ruwa, ko ya ga yadda aka cinye badala da gine-gine, ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ya san akwai aiki jingim. Amma ɗan birni yana iya yin shekara uku bai bukaci kansila ba.

Mutumin Rogo ko Sumaila ko Doguwa ba shi da wannan gata. A ƙauye kansila shi ne fuskar gwamnati, sau da yawa ma shi kaɗai ne ake gani. An san shi, an san ubansa, an san gonarsu. Wannan sani kuwa yana da daɗi, yana da nauyi.

Akwai wani da aka taɓa zaɓa a mazaɓarmu, tela ne, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Tsakanin ƙauyenmu da ɗakin shan magani akwai rafi. Da rani yaro ma yana tsallakewa, amma cikin Agusta yakan cika ya batse, a yi kwana biyu ba mai haye shi. Na san mace da naƙuda ta kama da dare, aka ɗauko ta a amalanke, aka zo bakin rafin nan aka tsaya har gari ya waye. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Saboda haka sa'ad da abokina ya fito takara, magana ɗaya ce a bakin kowa, kwalbati.

Ya kai maganar majalisa, ba sau ɗaya ba. Na ga takardar da hannuna, gama ni na gyara masa Turancinta. Amsar da yake komowa da ita kullum ita ce kuɗi bai sauko ba, ko kuwa aikin ya fi ƙarfin abin da aka yarda su kashe sai an sami izini daga sama. Na tambaye shi, "To, ku ba ku ne kuke duba kasafin ba?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, a rubuce yake zuwa, mu hannu muke sawa."

Ana cikin haka ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mutane tun da asuba. Wannan matarsa ta haihu babu ragon suna, wancan an rubuta masa magani, wata an koro ɗanta saboda kuɗin jarrabawa. Ba wanda ya zo da ƙarya, talauci ne na gaske. Amma ɗan albashinsa ba ya kai tsakiyar wata, wanda bai samu ba kuwa sai ya tafi yana cewa kansila ya yi kuɗi ya manta da mutane. A ganina wannan yana cikin abubuwan da suka kashe kujerar. An mai da wakili ya zama asusun biki. Mutumin da ya san gobe mutum ashirin za su tsaya masa a zaure, ba zai iya yin gardama da ciyaman a kan kasafi ba, gama yana bukatar ɗan abin da ciyaman zai miƙo masa.

Abin da ya iya yi a ƙarshe shi ne ya roƙo siminti da rodi kaɗan, ya je wurin dagaci, aka yi shela, aka yi gayya. Matasa suka ɗebo yashi da duwatsu, mata suka kawo ruwa da kunu, Musulmi da Kirista, gama rafin bai san bambanci ba. Aka yi ɗan abin da babur zai haye. Ya gama wa'adinsa da bashi a wuyansa, ya koma kan kekensa na ɗinki.

Ga kuma maganar zaɓen kansa, wadda ba ta da daɗin faɗi. Hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, ba ta tarayya ba. A zaɓen Fabrairu 2018 jam'iyyar APC, mai mulkin jihar a lokacin, ta cinye kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 duka. A Janairu 2021 haka aka sake yi. A ran 26 ga Oktoba 2024 kuwa, mulki yana hannun NNPP, ita ma ta kwashe 44 da 484, ba ta bar ko ɗaya ba. Ba Kano kaɗai ba, haka abin yake a yawancin jihohi, kowace jam'iyya ce take sama. Ni dai na zauna da Kanawa, na san mutum uku ma ba sa taruwa a majalisar shayi bakinsu ya zo ɗaya a kan siyasa. Yaya za a yi mazaɓu 484 su yi baki ɗaya? In mutum ya san daga sama aka rubuto sunansa, ya san kuma wanda zai yi wa godiya. A tsakanin zaɓe da zaɓe ma an sha naɗa kantomomi su riƙe hukumomin wata da watanni. Mata kuwa, waɗanda yawancin aikin nan ya shafa, da wuya ka ga ɗaya a kujerar.

A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci mai nauyi. Ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kada ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya sa kantoma. Na ji labarin a rediyo, na yi murna, amma ban yi guɗa ba. Shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kuka cewa ba a aikata shi ba. Ko an aikata ma, kuɗin hannun ciyaman zai faɗa, sauran aiki kuwa ya rage ga mutum goma ko goma sha 'yan kai da suke zaune a majalisarsa, ko za su buɗe takarda su karanta kafin su sa hannu.

Da na je gida bayan girbi na tarar da abokina yana ɗinkin kayan makaranta. Na ba shi labarin hukuncin kotu, ya ce ya ji. Ya ce sabon kansila yaro ne mai ladabi, ya gama sakandare, ya kuma yi alkawari a gaban dagaci zai kawo lissafin abin da aka ware wa mazaɓar a karanta a fili ran kasuwa. Dattawa sun sa malamin makaranta ya rubuta alkawarin da kwanan wata, takardar tana wurin dagaci. Gefe ɗaya na ɗan kwalbatin nan ruwa ya fara ci, sun jera buhunan yashi suna tarewa kafin damina.