Kashi na Biyu Ya Kai a Kai Shi Gida?

A bakin kasuwar Madarunfa akwai wani ɗan shago inda ake tura fina-finai a waya da memori. Nan wani malamin firamare ya tsaya wata ranar Alhamis da la'asar, yana jujjuya dala 100 a aljihu, wato sefa 500, yana shawara da zuciyarsa a kan Dabangg 2.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ko da yake sun isa cefanen miyar yini. Abin da ya tsayar da shi daban ne. Shekarun baya ya kai kashi na farko gida a faifai, mahaifiyarsa ta yi dariya har da hawaye saboda Chulbul Pandey, ɗan sandan nan mai rataya tabarau a bayan wuyan riga. Bana mahaifinsa ya rasu. Tsohuwa ta fita takaba, amma gidan bai fita daga shiru ba. Burinsa ya sake jin wannan dariya a tsakar gida ko da sau ɗaya ne.

Mai shago ya ce, “Malam, ɗauki kawai. Salman Khan ne fa, kuma fassarar Hausa ce.”

Malamin ya ce, “To, saka mini in gani tukuna. Gida zan kai.”

Kallon gida ba kallon gidan kallo ba ne. A gidan kallo samari ne zalla, kowa ya biya ya zauna, duka da tashin motoci sun ishe su. A gida kuwa tabarma ɗaya ce ke ɗauke da uwa da suruka da jikoki, kuma abin da ido ya gani a gaban na gaba ba ya goguwa.

Ya zauna a benci ya kalla, yana tsallakawa. Dabangg ya fito a 2010, Abhinav Kashyap ya ba da umarni. Na biyun ya biyo baya a 2012 a hannun Arbaaz Khan, ƙanen jarumin. Labari ya tashi daga ƙaramin gari ya koma birnin Kanpur, Prakash Raj ya gaji Sonu Sood a matsayin mugu. In ban da wannan, tuwon jiya aka ɗumama: tafiyar ita ce, tabarau shi ne, dukan ma shi ne. Na farko yana da ciwo a cikinsa, domin Chulbul ya tashi agola ne, ba ya ga-maciji da mijin uwarsa da ƙanensa. A na biyu an riga an sasanta, sai aka rasa abin da zai riƙe zuciya tsakanin faɗa da faɗa.

Wurare biyu suka sa ya gyara zama. Ɗaya rawar Kareena Kapoor ce, wadda ba mai hankalin da zai bari ta wuce a gaban mahaifiyarsa. Ɗayan ya fi nauyi: inda mugun ya yi sanadin zubewar cikin Rajjo, matar Chulbul. Matar malamin tana da juna biyu, wata na shida.

Da labari kaɗai za a duba, da ya mayar da kuɗinsa aljihu. Sai dai ya daɗe da lura cewa ba labarin Indiya ne ke ba tsohuwa dariya ba, bakin masu fassara ne. Tun da ɗakunan fassara na Kano, irin su Algaita, suka shahara, fim ɗin Indiya ya zama wata kasuwar harshe. Waƙoƙi suna nan da Indiyancinsu, amma magana ta koma gatse da ba'a da karin magana irin na bakin tasha.

Aikin ba ƙarami ba ne. Harshen Hindi yana da matakai uku na kiran wanda ake magana da shi, tu da tum da aap, daga raini ko shaƙuwa zuwa girmamawa. Hausa kuwa jinsi take bambantawa, kai da ke. Dole mai fassara ya nemo girman a wani wuri, ya sa “yallaɓai” ko “ranka ya daɗe”, ya nemo rainin a “kai yaro”. Chulbul kuma yakan kira kansa da hum, wato “mu”, kamar yadda aka saba a yankin Uttar Pradesh. A kunnen Bahaushe wanda ya ce “mu” yana nufin kansa sarauta yake ji, don haka ko an riƙe lamirin ko an sake shi, ma'ana ta motsa.

Akwai kuma tazara ta biyu, wadda ba a cika kula da ita ba. Fassarar Kananci ce, masu sauraro kuwa Katsinawan Maradi ne. Allo ya ce “yana faɗa”, tabarma ta ce “shina hwaɗa”. Can a ce “tafi”, nan a ce “tahi”. Can ana lissafi da naira, nan da dala da jikka. Ga tsohuwar, rabin abin dariyar shi ne ganin Ba'indiye mai gashin baki yana zuba Hausar mutanen Kano. Wannan daɗi ba ya ƙarewa don an maimaita labari, kuma shi ne abin da kashi na biyu bai rasa ba.

Ya biya, aka tura masa. Ya rubuta mintunan wurare biyun nan a bayan takardar darasi. Da ya isa gida bai ɓoye wa matarsa ba. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “Rawar dai ka wuce ta saboda Inna. Ɗayan ma wuce shi, ba don ni ba, don kada ta kwana tana tunani.”

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma, aka jona talabijin da batir. Ya zauna da rimot a hannu kamar mai gadin gona. Rabin sa'a ta wuce tsohuwa ba ta ce uffan ba, har ya fara lissafin asara. Can Chulbul ya tsare wani ɗan daba da baƙar magana, sai aka ji ta yi ƴar dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Ba irin ta da ba ce, amma dariya ce.

Ga mai neman sabon labari, Dabangg 2 bai kai a saya ba, aron na maƙwabci ya wadatar. Ga gidan da ke son hira da harshen da kowa ke ji, ya ci kuɗinsa, muddin akwai wanda ya riga ya kalla, ya san inda zai tsallake.

Da safe malamin yana ɗaure littattafai a bayan babur, sai ya jiyo ta tana ba maƙwabciya labarin a bakin murhu. Ba ta ambaci sunansa ba, tun da ɗan fari ne. Cewa ta yi, “Yaron nan ya kawo muna ɗan sandan nan.” Ta maimaita baƙar maganar jiya daga farko har ƙarshe, sai dai a bakinta duk wani “fa” ya koma “hwa”.